Tambayoyi da amsoshi kan ƙullutun alajin ƙarfe a fatar dabbobin gwaji: me madubi ke nunawa?

Ɗaliban nazarin nama a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ma'aikatan ɗakin gwaji da likitocin dabbobi masu tasowa ne suka fi kawo waɗannan tambayoyi, galibi bayan sun ci karo da tsofaffin hotunan madubin lantarki sun rasa inda za su sa ido. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Mai gaggawa ya fara da ta 7 da ta 8, nan gundarin maganar yake.

1. Mene ne giranuloma, kuma me ya raba shi da maruru?

Giranuloma ƙullutu ne da garkuwar jiki ke ginawa idan ta haɗu da abin da ta kasa narkarwa, ta kuma kasa fitarwa. Maruru taron nutirofil ne, fararen ƙwayoyin jini masu gajeren rai, waɗanda ke mutuwa cikin kwanaki su zama mugunya. Giranuloma kuwa aikin makurofaj ne, manyan ƙwayoyin da ke haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Daga ɓargo suke fitowa, su yi yawo a jini a matsayin monosayit, sannan su ratsa bangon jijiya su shiga nama. Idan suka taru wuri guda suka sauya siffa suka manne da juna, limfosayit, wato wasu ƙananan fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, suka kewaye su, to an sami giranuloma. Yakan ɗauki makonni, wani ya shekara da shekaru bai baje ba.

Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai wanda baƙon abu kawai ke jawowa, kamar zaren ɗinki ko ƙurar dutse, wanda kowane jiki zai yi idan abin ya shige shi. Akwai kuma na alaji, wanda sai jikin da garkuwarsa ta riga ta san abin ta ƙullace shi ne ke yin sa. Bambancinsu a madubi yana amsa ta 8.

2. Waɗanne ƙarafa ne ke jawo irin na alaji?

Biyu ne suka yi fice: beriliyam da zikoniyam. A kansu aka gina kusan duk abin da aka sani. Gishirin alminiyam da ake sawa a wasu alluran rigakafi yakan bar ƙullutu mai ƙaiƙayi a wurin allura ga wasu tsirarun yara, kuma da yawa daga cikin waɗannan yaran ana samun su da alajin alminiyam idan an gwada. A zanen jiki na allura, jan launi na da da ake haɗawa da zaiba, da kore na kuromiyam, da shuɗi na kobal, duk an ga sun haifar da ƙullutu. Nikel da kuromiyam suna cikin ƙarafan da suka fi yawan jawo alajin fata, amma nasu galibi ƙuraje ne da ƙaiƙayi a saman fata, duba amsa ta 16.

3. Ta yaya aka gane cewa alaji ne, ba guba kawai ba?

A shekarun 1950 a Amurka an yi ta sayar da man hana warin hammata mai ɗauke da gishirin zikoniyam. Wasu masu shafawa suka fara zuwa asibiti da ƙananan ƙulluta ja-ja masu tauri a hammata, waɗanda ke daɗewa ba su tafi ba. Walter Shelley da Harry Hurley, likitocin fata a Filadelfiya, suka buga bincikensu a 1958. Hujjarsu mai sauƙi ce amma mai ƙarfi. Mutane masu ɗimbin yawa sun shafa man, kaɗan ne suka kamu. Idan aka tsarma gishirin zikoniyam sosai aka yi allurarsa cikin fatar wanda ya kamu, bayan makonni sai ƙullutu ya fito a wurin. Wanda bai kamu ba kuwa ko alama. Guba ba ta zaɓen mutum haka, kuma ba ta aiki da ɗan mitsitsin adadi irin wannan. A 1977 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa zikoniyam a kayan fesawa, don gudun kada irin wannan ƙullutu ya fito a huhu.

Labarin beriliyam ya fi muni. A 1946 Harriet Hardy da Irving Tabershaw suka bayyana ciwon huhu mai tsanani a ma'aikatan da ke yin dogayen ƙwayayen lantarki a jihar Masacuset, inda farin garin da ake shafawa a cikin gilashin ke ɗauke da beriliyam. Waɗanda fasasshen gilashin ya yanka kuma sukan sami ƙullutu a wurin yankan, wanda ba ya warkewa sai an yanke shi. A 1949 aka daina sa beriliyam a waɗannan fitilu. Daga baya William Epstein a San Faransisko ya shafe shekaru yana nazarin irin wannan ƙullutu a fatar mutum, shi ne ma ya fi kowa yaɗa ra'ayin cewa wani nau'in alaji ne mai zaman kansa.

4. Me ya sa ɓeran Masar ne dabbar da aka fi amfani da ita?

Fatarsa na saurin nuna alajin da ke jinkirin fitowa, kuma jan da kaurin suna ganuwa a ido, ana iya auna su. Gefen jikinsa na da faɗin da zai ɗauki allurai da yawa a dabba guda, ga shi da sanyin hali. Tun zamanin Robert Koch ake gwajin tarin fuka a kansa, saboda haka masana sun san yadda giranulomarsa take tun kafin a zo kan ƙarfe.

Akwai kuma zuri'o'i biyu da aka tsarkake ta hanyar haɗa 'yan uwa, zuri'a ta 2 da ta 13. A 1968 Polák, Barnes da Turk suka nuna cewa zuri'a ta 2 tana kamuwa da alajin beriliyam da na kuromiyam, ta 13 kuwa ba ta kamuwa da su amma tana kamuwa da na zaiba. Tun a lokacin aka fahimci cewa gado na da hannu, shekaru 25 kafin a gano ainihin ƙwayar gadon a mutum, kamar yadda amsa ta 11 ta bayyana.

5. Yaya ake sa dabbar ta kamu, kuma wane kuskure aka fi yi a tsarin gwajin?

Mataki biyu ne. Da farko a gabatar da gishirin ƙarfen ga garkuwar jiki, sau da yawa a gauraye da man Freund mai tayar da garkuwa. A jira mako biyu ko fiye. Sannan a yi allurar ɗan kaɗan cikin fata a wani wuri daban da aka aske, a riƙa aunawa ana yankar samfur a ranaku daban-daban. Jan da ke fitowa cikin awa 24 zuwa 72 alajin jinkiri ne na yau da kullum. Ƙullutun da muke nema yana zuwa ne bayan wannan ya lafa. John Turk da Darien Parker a Landan sun bi irin wannan hanya a 1977 da gishirin kuromiyam, nikel da zikoniyam, a 1978 kuma tare da Badenoch-Jones suka fitar da hotunan madubin lantarki na ƙullutun zikoniyam a ɓeran Masar.

Babban tarko shi ne man Freund ɗin kansa. Cikakkensa na ɗauke da matattun ƙwayoyin cuta dangin tarin fuka, kuma shi kaɗai yana haifar da giranuloma mai kyan gani. Wanda ya yanki samfur kusa da inda aka zuba man, aikin man yake kallo. Dole a sami rukunin da aka ba man ba ƙarfe, da rukunin da aka yi wa allurar ƙarfen ba tare da an fara kamar da su ba. Duk rahoton da ba shi da waɗannan rukunai biyu, a ganina bai cancanci a gina komai a kansa ba, komai kyan hotunansa.

6. Me ake gani a madubin haske na yau da kullum?

Da rinin hematoksilin da iyosin, ana ganin gungu-gungu na manyan ƙwayoyi masu koɗaɗɗen ruwan hoda a cikin ƙasan fata. Iyakar kowace ƙwaya ba ta fita sosai, sai ka ce sun narke cikin juna. Cibiyoyinsu dogaye ne ko masu siffar ƙwai, marasa duhu. Waɗannan su ake kira efitiliyod. Nan da can akwai ƙattin ƙwayoyi masu cibiya da yawa, a gefe kuma limfosayit ƙanana masu duhu. A kwanakin farko monosayit da limfosayit ne kawai a kewayen jijiyoyin jini. Tsarin gungu sai daga baya. Yawanci babu mataccen nama a tsakiya, sai in an zuba ƙarfen da yawa har ya ƙona wurin.

Madubin haske ba ya raba abubuwa biyu da ke kusa da juna ƙasa da nanomita 200. Shi ya sa iyakar ƙwayoyin ke ɓacewa, shi ya sa kuma aka koma ga madubin lantarki.

7. To me madubin lantarki ya nuna a cikin ƙwayar efitiliyod?

Abu na farko da ke kama ido shi ne iyakar da ta ɓace a madubin haske. Tana nan, kuma ta fi yadda ake zato tsari. Tantanin kowace ƙwaya yana fitar da siraran tsinkaye masu shiga tsakanin na maƙwabciyarta, kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Ƙwayoyin ba su haɗe sun zama ɗaya ba, amma sun kulle juna ta yadda da wuya wani abu ya ratsa. A wasu wurare ana ganin duhu-duhu siriri a ƙarƙashin tantanin inda ƙwayoyi biyu suka haɗu. Shekaru da dama bayan waɗannan hotuna, a 2016, aikin da aka yi kan giranulomar ƙwayar cuta dangin tarin fuka a wani ɗan kifin gwaji ya nuna makurofaj na kunna furotin ɗin mannewa, E-kadirin, wanda aka saba gani a ƙwayoyin saman fata. Abin da tsofaffin masu madubi suka gani da ido ya sami bayani.

Cibiyar babba ce, mai haske, da ɗan siririn duhu a bakinta da ƙwallo ɗaya ko biyu bayyanannu a ciki, alamar ƙwayar da ke aikin ƙera furotin ba ji ba gani. A jikin ƙwayar akwai mitokondiriya, masu samar mata da ƙarfi, da yawa, da sashen Golgi mai faɗi, inda ake ƙunshe furotin, da layi-layin tantani mai ɗauke da ribosom, masu ƙera furotin. A farkon shekarun 1970 Jones Williams da abokan aikinsa a Kadif suka kasa ƙwayoyin efitiliyod na mutum gida biyu: masu yawan wannan layi-layin, waɗanda suka yi kama da ƙwayoyin da ke ƙera garkuwar jini, da masu cike da ƙananan jakunkuna marasa duhu. Masana da yawa na ɗaukar su a matsayin ƙuruciya da tsufan ƙwaya ɗaya. A sabon ƙullutu na farkon sun fi yawa, a daɗaɗɗe na biyun.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da babu. Makurofaj na yau da kullum cikinsa cike yake da jakunkunan narkarwa, da ragowar abin da ya haɗiye. Ƙwayar efitiliyod cikakkiya kusan ba ta da su. Ta rage ci ta koma fitarwa: sinadaran kiran wasu ƙwayoyi, da masu tayar da kumburi, da masu sa a saƙa tabo. Ɗalibi yakan ɓata lokaci yana neman ƙarfe a cikinta, alhali rashin ganin ƙarfen shi ne babbar shaidar da hoton ke bayarwa.

8. Yaya zan bambance shi da giranulomar baƙon abu?

Tambayi kanka abu uku: ina baƙon abin yake, me ƙwayoyin ke yi da shi, kuma su waye a kewaye. A giranulomar baƙon abu, abin yana nan jingim. Makurofaj sun cika cikinsu da shi, jakunkunan narkarwa sun kumbura, wasu sun fashe, akwai matattun ƙwayoyi da tarkace. Tantaninsu na da tsinkaye amma ba su sarƙe da na maƙwabta cikin tsari ba. Limfosayit kaɗan ne. Girman ƙullutun na bin yawan abin da aka zuba, kuma kowace dabba za ta yi shi tun allurar farko. Gishirin alminiyam marasa narkewa na ba da wannan hoto a ɓeran Masar da bai taɓa haɗuwa da su ba. Elias da Epstein sun jera nau'o'in biyu gefe da gefe a fatar mutum tun 1968.

A na alaji lamarin ya juye. Ƙarfe ɗan kaɗan, martani mai yawa, ƙwayoyi a tsare, ciki ba tarkace, limfosayit a manne da su. W. G. Spector a Landan ya ƙara wani ma'auni: a wasu giranuloma ƙwayoyin na daɗewa a wurin ba a sauya su, a wasu kuma kullum suna mutuwa sababbi na zuwa daga jini. Na alaji suna cikin rukuni na biyu.

Gaskiya dai a samfur na zahiri sau da yawa ana samun gauraye. Tsakiyar wurin allura, inda ƙarfen ya taru, yakan yi kama da na baƙon abu, gefe kuma ya nuna efitiliyod. Kada a yanke hukunci da fili ɗaya.

9. Ƙattin ƙwayoyi masu cibiya da yawa fa, daga ina suke?

Daga haɗewar makurofaj da yawa suke, tantaninsu ya narke ya zama ɗaya. Black da Epstein sun nuna haka a 1974 ta hanyar yi wa cibiyoyi alama suna bin sawunsu. Irin na Langhans, wanda Theodor Langhans ya bayyana a tarin fuka a 1868, cibiyoyinsa na jere a gefe cikin da'ira ko rabin da'ira. Madubin lantarki ya nuna dalili: tsakiyar ƙwayar cike take da sashen Golgi da jakunkuna da mitokondiriya, su suka tura cibiyoyin waje. Irin na baƙon abu ya fi girma, cibiyoyinsa a warwatse, wani lokaci gommai, kuma yakan rungume abin da ya fi ƙarfin haɗiya. A kwanon gwaji, sinadarin intaferon-gama na karkata ƙwayoyi zuwa irin Langhans, intalukin 4 da 13 kuma zuwa ɗayan.

Ana iya ganin duka biyun a ƙullutu guda, don haka ba su isa hujja su kaɗai ba. A kuma kula kada a rikita su da ƙwayoyin Langerhans na saman fata, waɗanda ƙanana ne masu cibiya ɗaya, ana gane su da wasu ƙananan dunƙule a cikinsu da ake kira Birbeck, waɗanda aka bayyana a 1961. Su aikinsu ɗaukar baƙon abu zuwa kaluluwa ne a farkon kamuwa.

10. Za a iya ganin ƙarfen kansa, ko a tabbatar da shi?

Zikoniyam mai nauyi ne, lambarsa 40 a jadawalin sinadarai, saboda haka idan ya taru yakan fito baƙi ƙirin a cikin jakunkunan makurofaj. Amma baƙin ɗigo ba shaida ba ne, domin dalma da yuraniyam da osmiyam da ake rina samfurin da su duk baƙi suke fitowa. Tabbaci sai da na'urar da ke karanta hasken eksire da ɗigon ke fitarwa idan lantarki ya buge shi. Nan ma akwai tarko: ƙaramin layin zikoniyam yana faɗawa kusan wuri ɗaya da na fosfaras, kusa da na osmiyam. Sai a duba babban layinsa da ke wajen 15.7 a ma'aunin ƙarfin eksire na keV, a kuma ware yankan da ba a rina ba.

Beriliyam ya fi wuya. Lambarsa 4, lantarki na ratsa shi kusan ba inuwa. Tsofaffin na'urorin eksire ma tagarsu da beriliyam aka yi ta, ba sa ganin duk abin da bai kai nauyin sodiyam ba. Ana buƙatar wasu hanyoyi, kamar auna ƙarfin da lantarki ya rasa wajen ratsa samfur, ko auna nauyin ƙwayoyin zarra da aka tayar daga samansa. Ga kuma gishiri mai narkewa da ruwan gyaran samfur ke wankewa tun kafin a kai ga madubi. Rashin samun ƙarfe bai kore alaji ba, kamar yadda aka gani a amsa ta 7.

11. Mene ne aikin limfosayit, kuma me ya sa wasu kaɗai ke kamuwa?

Su ne ke ba da umarni. A hoton lantarki ana ganin su sun kutsa tsakanin ƙwayoyin efitiliyod, tantani na taɓa tantani. Yawancinsu nau'in T ne masu alamar CD4. Suna fitar da intaferon-gama, makurofaj su amsa da TNF da wasu sinadarai masu kiran ƙarin monosayit, haka abin ke ta juyawa.

A 1993 Richeldi, Sorrentino da Saltini suka gano cewa yawancin masu ciwon beriliyam na ɗauke da wani nau'in furotin HLA-DP mai sinadarin gulutamet a matsayi na 69. A 2014 masu bincike a Denba suka nuna siffar abin: ƙwayar beriliyam na shigewa can cikin wani aljihu tsakanin wannan furotin da guntun furotin na jiki da yake riƙe da shi. Limfosayit ba ya ma taɓa ƙarfen. Fuskar furotin ɗin da ta sauya yake gani, ya ɗauke ta baƙuwa. Wannan ya bayyana yadda ɗan abin da na'ura ba ta iya gani ke riƙe da ƙullutu shekaru.

12. Yaya ake shirya samfurin, kuma ina yake lalacewa?

A yanka nama ƙanana, kada kauri ya wuce milimita 1, a jefa cikin gulutaraldehayid nan take. Sai osmiyam, sai a janye ruwa da barasar gwaji mataki-mataki, a dasa a cikin roba mai tauri. A fara yankan maikiromita 1 a rina da shuɗin toluwidin don a zaɓi wurin da efitiliyod suke. Daga nan a yanka nanomita 60 zuwa 90 da wuƙar gilashi ko ta daimon, a ɗora a kan ragar tagulla, a rina da yuraniyam da dalma.

Jinkirin mintoci kafin gyara na kumbura mitokondiriya ya buɗe gibi tsakanin ƙwayoyi, sai sarƙewar nan da ake nema ta ɓace. Matsa nama da hantsaki na murɗe cibiyoyi. Dalma na haɗuwa da iskar numfashi ta zuba baƙaƙen ɗigo da sabon shiga zai ɗauka ƙarfe ne. Naman da aka riga aka dasa a kakin asibiti ana iya ceto shi don neman ƙarfe, amma kada a yi tsammanin ganin tantani mai kyau a cikinsa.

13. Akwai abubuwan da suka keɓanta da ɓeran Masar da ke ruɗa mai duba?

Akwai. Basofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, na shiga fatarsa da yawa a wasu nau'o'in alajin jinkiri, abin da Harold Dvorak ya bayyana a 1970, kuma rinin yau da kullum ba ya nuna su sosai. Sai a yankan roba. Yana kuma da ƙwayoyin Kurloff, masu ɗauke da wani babban dunƙule guda a ciki, waɗanda suka fi yawa a mata, musamman masu ciki. Wanda bai san su ba zai ce makurofaj ne ya haɗiye wani abu. Sannan allura kan fasa tushen gashi, guntun gashin ya jawo giranulomar baƙon abu tasa daban a tsakiyar gwajin.

14. Har ina za a yarda da abin da dabba ta nuna game da mutum?

Siffar ƙwayar efitiliyod kusan ɗaya ce a mutum da ɓeran Masar da zomo, wannan abin dogaro ne. Amma ƙullutun dabba bai cika kai na mutum tsari da daɗewa ba, kuma sau da yawa sai an tura garkuwarta da man Freund, abin da ba ya faruwa ga ma'aikacin masana'anta. Ƙananan ɓeraye ba su da HLA-DP, sai da aka dasa musu ƙwayar gadon mutum kafin su nuna ciwon beriliyam mai kama da namu. Haka nikel: a 2010 aka gano yana tayar da furotin TLR4 na mutum, mai faɗakar da garkuwa, ta wasu gurabe biyu da na ɓera ba shi da su.

Duk da haka dabba ta amsa tambayoyin da ba za a iya yi wa mutum ba. A 2003 Sally Tinkle da abokan aikinta suka nuna cewa shafa beriliyam a fatar ɓera na kamar da garkuwarsa, kuma ƙurar da ba ta wuce maikiromita 1 ba na iya ratsa saman fatar mutum idan ana lanƙwasa ta. Wannan ya sa kariyar ma'aikata ta haɗa da safar hannu da rufe jiki, ba takunkumin hanci kaɗai ba.

15. Idan na ga irin wannan hoto a samfurin majiyyaci a asibitinmu, in ce ƙarfe ne?

A'a, ba da farko ba. A ƙasar Hausa giranuloma mai efitiliyod a fata tarin fuka ne ko kuturta har sai an kore su. Madubin lantarki ba zai raba maka su ba, domin ƙwayar efitiliyod ta zikoniyam da ta kuturta mai ƙarancin ƙwayoyin cuta kamanninsu ɗaya. Turk kansa masanin garkuwar kuturta ne, kuma rukuninsa ya nuna a kaluluwar ɓeran Masar cewa BCG, ƙwayar rigakafin tarin fuka, na haifar da efitiliyod masu layi-layin ribosom, ƙwayar kuturta kuma ta haifar da makurofaj masu cike da abin da suka haɗiye. Rabuwar nan ta amsa ta 8 ita ce dai ke tsakanin nau'o'in kuturta biyu da suka fi nisa da juna a tsarin Ridley da Jopling na 1966.

Saboda haka a nemi mataccen nama a tsakiya, a duba ko ƙullutun ya ci jijiyar ji, a gwada ko tabon na jin taɓi. A yi rinin Ziehl-Neelsen da na Fite, da na naman gwari, a aika gwajin tarin fuka na GeneXpert inda ya dace. A duba da haske mai tacewa ko akwai ƙurar dutse. Cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya ta daɗe tana koyar da wannan bambancewa. Bayan duk wannan sai a tambayi sana'a: mai haɗa haƙoran roba da na ƙarfe, mai fasa tsofaffin kayan lantarki, mai aikin gami na tagulla da beriliyam. Akwai waɗanda aka yi wa shekaru ana ce musu sakoyidosis, ciwon giranuloma da ba a san sanadinsa ba, alhali beriliyam ne, don kawai ba wanda ya tambaye su aikin da suke yi.

16. Ƙaiƙayin siminti da na ɗan kunne, su ma giranuloma ne?

Galibi a'a. Birkila da hannunsa ke tsagewa saboda kuromiyam na siminti, da ma'aikacin majemar zamani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, da mace mai ƙuraje a kunne saboda nikel, duk alajin jinkiri ne na limfosayit, amma a saman fata yake. Madubi na nuna ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyin saman fata ya raba su, ba gungun efitiliyod. Yakan lafa idan an rabu da abin. Giranuloma na buƙatar ƙarfen ya shige can ƙasa ya zauna, ta yanka ko allura ko huda.

17. Yaya ƙarshen ƙullutun yake?

Idan ƙarfen ya narke ya fita, ƙwayoyin na raguwa ƙullutun ya baje. Idan ya zauna, ƙwayoyin saƙa nama na shigowa daga gefe. A madubin lantarki ana ganin zaren kolajin mai ratsi-ratsi na kutsawa tsakanin ƙwayoyin efitiliyod, yana raba su ɗaya-ɗaya har su shaƙe. A fata wannan tabo ne mai tauri. A huhun mai ciwon beriliyam shi ne ke hana numfashi, shi ya sa masu bincike suka damu ƙwarai da sanin abin da efitiliyod ke fitarwa.

18. Har yanzu dole ne a yi amfani da dabbobi?

Don gano ko sinadari na jawo alajin fata, buƙatar ta ragu sosai. Gwajin Buehler na 1965 da na Magnusson da Kligman na 1969 a ɓeran Masar sun ba da wuri ga gwajin kaluluwar ƙaramin ɓera, wanda ya fi sauƙin wahala, yanzu kuma akwai gwaje-gwajen kwano da ƙungiyar OECD ta amince da su. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba tun 2013. A mutum, gwajin jini da ke duba ko limfosayit na hayayyafa idan sun haɗu da beriliyam ya maye gurbin manna shi a fata, wanda shi kansa yana iya kamar da mai lafiya.

Giranuloma cikakkiya, mai jijiyoyin jini da shigowar sababbin ƙwayoyi da tabo, ita ce har yanzu kwano bai iya kwaikwaya duka ba. Wanda zai yi irin wannan aiki ya bi ƙa'idoji uku na Russell da Burch na 1959: a musanya dabba inda zai yiwu, a rage adadi, a sauƙaƙa wahala. A aikace, ya nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ya taɓa dabba, ya yi amfani da man Freund mara ƙwayoyin cuta idan zai wadatar, domin cikakken yana jawo gyambo mai zafi. Ya tsara wuraren allura yadda dabba ɗaya za ta ba da samfur na ranaku da yawa, ya sa maganin kashe zafi wajen yanka. Ya kuma tuna ɓeran Masar ba ya ƙera bitamin C a jikinsa; idan abincinsa ya gaza, kolajin ɗinsa zai lalace, sakamakon amsa ta 17 ya tashi a banza tare da wahalar dabbar.